Ranar da Inna ta zaɓi launin ruwa

Ko na tsufa, ranar sunan ɗiyar yayata a Yelwa ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina sana'ar kwalliyar amare. Wata ƙawata da ta dawo daga Umara ta kawo mini tsarabar hodar saman ido, wadda muke kira aishado, irin mai tsadar nan, launi goma sha biyu cikin 'yar akwati mai madubi. Ina ji da ita ƙwarai, ko ƙannena ban bari su taɓa ba.

Inna mahaifiyarmu kuwa shekara huɗu ke nan da ciwon ido ya ɗauke mata gani. A da mace ce mai son gayu, ko kasuwar kifi za ta sai ta zizara tozali. Da ta makance sai ta daina, mu ma ba wanda ya tambaye ta dalili.

Da safen ranar sunan ina gaban madubi ina gwada launuka, sai ta ji ƙarar murfin.

"Mi kike ta buɗewa kina rufewa?"

Na gaya mata.

"To, shafa mini."

Na yi dariya na ce, "Inna, ke da ba ki gani, mi za ki yi da shi?"

Ta ce, "Ni ce ban gani, ɗiyata. Ku ai kuna gani na."

Har yau idan na tuna dariyar nan sai kunya ta rufe ni. Na durƙusa gabanta, na kama yatsanta ina ɗora shi kan launukan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce laushinsu kamar garin alkama. Na ce wannan ja-ja ne mai ƙyalli, kamar kifin da aka sauke daga banda.

"Ke! Tarwaɗa za ki mai da ni?"

Muka kwashe da dariya. Da muka zo kan wani shuɗi mai ratsin kore, na ce shi ne launin ruwan Kainji da hantsi, idan kwalekwale ya doshi garin Warra. Ta riƙe hannuna ta ce, "Shi nike so. Na san shi."

Fatar idonta ta tattare, tana rawa ƙarƙashin buroshi, amma hodar ta kwanta luf. A ranar Inna ba ta zauna a ɗaki ba. Tsakar gida ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta karɓi jaririyar. Wata tsohuwar ƙawarta da ta zo daga ƙauyen kan dutse ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Yau dai na ga ƙawata." Inna ta ɗaga kai tana murmushi har la'asar.

Tun ranar na gane cewa mun yi shekara huɗu muna ba ta abinci da magani, muna zaton mun gama komai. Wanda lalura ta kama bai daina son abin da yake so ba. Mu ne muke daina tambayarsa.