Layi Uku a Tafin Hannun Kawu

Jiya wata ɗalibata, 'yar Guci, ta sa ɗigon man gyaɗa a na'urar maganaɗisu ta ɗakin gwajinmu, wadda ke nuna yadda ƙwayoyin haidurojin suke jan juna a cikin sinadari. Da layi uku suka fito a jere, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da kimiyya a Magariya, yana zana waɗannan layuka da alli, bai taɓa ganin na'urar ba. Kullum cewa yake, "Ke za ki gano mana." Ranar da na kai masa sakamakona na farko har gidansa a Waca, idonsa ya riga ya tafi. Na tsaya da takarda a hannu, na fashe da kuka.

"Uwata, bar kukan nan," in ji shi. "Zana mini a nan."

Ya buɗe tafin hannunsa, da sauran sanyin ruwan alwala. Ƙamshin suyar ƙuli na shigowa ta kan danga. Na ja yatsa: gajere, dogo, gajere.

"Uku! To, wannan haidurojin maƙwabtansa biyu ne, su suka raba layinsa uku." Ya yi dariya har da tari. "Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba!"

Ɗalibar nan da idonta ta gani, Kawu. Allah ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da ganinka a Aljanna.