Rijiyar da Malam Murtala Yake Jira

Ina tsaye gaban allo ranar Talata da hantsi, ina koya wa 'yan aji biyu rubutun wasiƙa, sai shugaban makarantarmu ya leƙo da kansa ya yafuto ni. Tun daga yadda ya riƙe hularsa a hannu na san ba lafiya. Ya ce, "Malam Bishir, sai haƙuri. Malam Murtala ya cika yanzu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwanansa uku ke nan a asibiti da ciwon ciki, kuma ko a jiyan ranar na bar shi yana shan kunu yana yi mini tsiya. Na koma aji na ɗauki jakata, allin yana hannuna har na isa ƙofar gidansa ban sani ba.

Shekara tara muna koyarwa tare a nan Daura, ni Turanci, shi darasin addini. Waɗanda suka yi magana a kansa a wurin ta'aziyya sun faɗi gaskiya. Shi ne mai riga kowa zuwa ya duba ko akwai ruwa a randar ɗalibai. Idan yaro ya yi fashin kwana biyu, Malam Murtala zai hau babur ya je har gida ya ga abin da ya faru, ko da kuwa a hanyar Zango ne. Bai iya faɗa ba, in ransa ya ɓaci sai dai ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Ni ma na shaidi duk wannan. Amma ba zan yaudari masu karatu ba, domin mutuwa ta wuce a yi mata kwalliya: na so Malam Murtala, kuma na yi ƙyashinsa, ƙyashi mai tsanani, a kan abin da idan na faɗa wasu za su yi dariya.

Akwai wani wasan kwamfuta da na taho da shi tun daga jami'a. Ana ba ka wasu gajerun mutane masu gemu, a ajiye su a gindin dutse, kai kuma ka riƙa ba su umarni su haƙa ƙasa su gina gari a ciki, da ɗakunan kwana da rumbuna da maƙera da ganuwa. Kuskure kaɗan sai yunwa ko ambaliya ko mahara su gama da kowa. Na sa shi a kwamfutocin makaranta, ina bugawa bayan an tashi kafin la'asar. Wata rana Malam Murtala ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ramin naka zai rufta." Na ce masa wannan ba fiƙihu ba ne. Ba a yi minti goma ba ya rufta.

Ni na koya masa wasan, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Karatunsa na Larabci ne, Turancinsa bai wuce na gaisuwa da cike fom ba, don haka haddace maɓallan ya yi ɗaya bayan ɗaya a bayan littafin darasi. Kafin zangon karatu ya ƙare, garinsa ya kai hawa goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa ina kan binne gari na shida. Malamai suka fara taruwa a bayansa suna kallo. Ni da na kawo abin na koma mai fassara masa saƙonni.

Mutanen cikin wasan mashaya ne, in ba a dafa musu giya ba sai jikinsu ya mutu, aiki ya riƙa tafiyar hawainiya. Ni dai ina dafa musu, na ce ai wasa ne. Shi ko ya ƙi.

"Ba a garina ba," in ji shi.

"Malam, hotuna ne fa. Ko Hisba ka buɗe a ƙarƙashin ƙasa?"

"Hotuna ne, amma hannuna ne zai danna. Su sha ruwa, ba su fi mu ba."

Saboda haka rayuwar garinsa duka ta rataya a kan rijiya, a nan kuma ba wanda zai kama ƙafarsa. Mahaifinsa, Baba Idi, mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye kusa da Baure, kuma Murtala ya yi ƙuruciyarsa yana jan guga cike da ƙasa a bakin rami. Yakan ce, "Mai haƙa ba ya gardama da ƙasa." Yakan kuma ce, "Kafin ka sauka, ka san ta inda za ka hau." Na sha jin waɗannan maganganu a daidai lokacin da ruwa ke cinye mutanena, kuma Allah ya sani ba daɗinsu nake ji ba a lokacin.

Abu ɗaya ne ya dame shi a wasan. Idan mai haƙa ya iso jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba yadda za a wuce ta sai da wahala da asarar rayuka. Ya ce masu ƙera wasan ba su taɓa shiga rijiya ba. Ya zana mini yadda mahaifinsa yake yi: a zuba zoben siminti, a shiga cikinsa a riƙa haƙa ƙarƙashinsa, yana sauka da nauyinsa yana tare gefen ramin, a ɗora wani a kai. Kuma kafin mutum ya sauka kowace safiya, a zura fitila mai ci da igiya. Idan ta mutu, iskar ramin ta ɓaci, kowa ya tsaya a sama. Na gaya masa masu wasan suna da shafi a intanet inda ake ba su shawara. Ya yi murna ya ce, "To ka rubuta musu da Turancinka mai kyau. Ka ce daga ɗan mahaƙin rijiya."

Na rubuta. Na zauna na tsara shi tsaf, na sa zanensa, na kawo maganar fitila. Da na zo ƙarshe sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na sa sunan da nake amfani da shi a shafin, ban ambaci Murtala ba. Ban tsaya nan ba, na rubuta cewa mahaifina ne mahaƙin rijiya, a hannunsa na koya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawun kotu ne, bai taɓa riƙe diga ba. Na so ne a ce ko sau ɗaya, a wani wuri da Murtala ba ya iya shiga, ni ne gwani.

Bayan 'yan watanni masu wasan suka fitar da jerin abubuwan da za su zo a sabuwar fitowar wasan. Akwai ayarin fatake masu zuwa daga nesa, akwai gyaran yadda ake yaƙi a bakin ganuwa, sannan ga haƙa da zobe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga gwada iska da fitila. A ƙasan layin suka yi godiya ga sunana. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka yi ta yabon hikimar mahaifina. Na buga jerin a takarda, na sa reza na yanke layin godiyar, na kai wa Murtala.

"Sun karɓa?" Ya cire tabarau ya mayar.

"Sun karɓa. Sai dai ba su ambaci kowa ba."

"Ina ruwanmu da ambato? Ruwa dai ya fito."

Daga ranar ya shiga jira. Ya sayi sabon littafi ya zana garin da zai gina idan abin ya fito: rijiya a tsakiya, masallaci a gabas da ita, zangon baƙi a hawa na farko saboda fataken da aka ce za su zo. Duk ranar Litinin, kafin ma mu gama gaisawa, sai ya ce, "Malam Bishir, ya fito?" In ce tukuna. Ya ce, "Ba komai, siminti ma sai ya sha iska." Ni kuwa addu'ata kada ya fito, don na ji an ce za a sa sunayen masu shawara a cikin wasan, inda ko mai ƙaramin Turanci zai gane. Ga shi yana jira da zuciya fara, har wannan jiran nasa na yi ƙyashi. A asibiti ma, da na tashi tafiya, ya riƙe hannuna ya tambaya ko ya fito. Dama ce Allah ya ba ni, mu biyu ne kawai a wurin. Na ce masa tukuna, na yi masa fatan sauƙi, na fita.

An yi masa sallah bayan azahar. Ban taɓa ganin jama'a irin wannan a jana'izar malamin makaranta ba, har masu shagunan kayan gyara da ba addininmu ɗaya ba sun rufe shago sun tsaya daga gefe. Na dubi sahun, na tambayi kaina ko mutum nawa za su zo tawa, na kuma ji kunyar tambayar. Da liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda mamacin nan ya yi wa laifi, don Allah ya yafe masa," sai wuri ya ɗauka, "Mun yafe, mun yafe." Bakina ya motsa tare da nasu, amma ba abin da zan yafe. Ni ne mai neman yafiyar, kuma wanda zai ba ni ita yana kwance cikin likkafani.

Bayan sadakar uku Baba Idi ya koma ƙauye. Ranar Asabar na hau babur na bi shi. Na same shi zaune a kan buzu a zaure, na durƙusa na yi masa gaisuwa, sannan na kwashe komai na faɗa masa. Sai da na yi bayani sau biyu kafin ya gane wai a cikin akwati ake haƙa rijiyar.

"Sun dai ce a sauke fitila kafin a shiga?" ya tambaya.

"Sun ce, Baba."

"To madalla. Kada wani ya mutu a banza." Ya murza carbi. "Ai Murtala ya zo nan da damina yana ta murna. Ya ce abokinsa Bishir ya kai maganata har ƙasar Turawa. Ya ce duk makarantar ba wanda ya kai ka ilimi."

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini a kan tabarma.

"Maganar suna kuwa, yaro, na tsufa ina haƙa, ban taɓa jin an ce rijiyar Idi ba. Sai dai rijiyar mai gari, rijiyar masallaci. Nawa na yafe. Ka ce wa duniya ni ubanka ne, to ban ƙi ba, sai ka riƙa zuwa kana duba ni. Amma ƙaryar da ka yi, Murtala ka yi wa. Wannan ba ta hannuna. Sai kun haɗu."

Na dawo na rubuta wa masu wasan gaskiya, na roƙe su su cire sunana su sa nasa da na mahaifinsa. Har yau ba su amsa ba, sabon wasan ma bai fito ba. Wannan rubutu shi ne abin da ya rage zan iya yi, don mutanen Daura da suka san mu tare su san wane ne wane.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Murtala ɗan Idi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba matarsa Hajara haƙuri, ka raya 'ya'yan da ya bari a kan tarbiyyarsa, ka ƙarfafi tsohon da ya binne ɗansa da hannunsa. Ni kuma ka wanke mini zuciya daga hassada. Ranar da za ka tsayar da mu gabanka ni da shi, ya Ubangiji, ka sa ya dube ni ya ce ya yafe. Amin.