Akwatin Jitar Auta

Mai Rediyo mutum ne da kujera ba ta san shi ba. A tsaye yake gyara, a tsaye yake cin abinci, yana yi yana leƙen titi. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, cike da gawarwakin rediyo da fankoki, ga ƙaurin dalma ya kama har hularsa. Matarsa kan ce ita dai ba ta sani ba ko miji ta aura ko guguwa.

Ƙanensa ɗaya ne tak, Auta, makaɗin jita. Tun da mahaifiyarsu ta rasu zumuncin ya yi sanyi. Ba faɗa, ba gaba, kawai dai babu sauran ɗakin da zai haɗa su. Abin da ya rage yana kawo Auta shagon shi ne wani akwati da Mai Rediyo ya haɗa masa da hannunsa a cikin gwangwanin biskit. A jona shi tsakanin jita da lasifika, a taka da ƙafa, sai muryar jitar ta yi kauri tana gurnani.

Akwatin kuwa da ciwonsa. In ana kaɗawa a hankali lafiya lau, amma da Auta ya daki wayoyin jitar da ƙarfi sai wuta ta faɗi, sautin ya shaƙe kamar an riƙe wa akuya wuya. Shi ya sa kusan duk mako sai ga shi da gwangwani a hammata. A canza batir, a goge waya, a ɗan taɓa hira. Mai Rediyo yana son zuwan nan har ransa, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ran nan Auta ya shigo fuska ba walwala.

"Yaya, shugaban ƙungiyarmu ya ce in abin nan ya ƙara shaƙewa a tsakiyar waƙa, in nemi wani wurin."

Mai Rediyo ya ɓalle murfin, ya ɗora mitar auna ƙarfin wuta. Allura ta tsaya a kan tara.

"Kaɗa mu ji."

Auta ya daka. Allura ta zube zuwa shida, sannan ta rarrafo sama da ƙyar. Aka sa sabon batir, duk kanwar ja ce. Mai Rediyo ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sake narka dalma a inda ta dushe, ya hura ƙura, ya fita bakin ƙofa ya dawo, ya yi wa mai shagon kusa tsawa a kan ƙarar injinsa, alhali bawan Allah bai ma kunna ba. Can yatsansa ya sauka a kan kwandensa, 'yar gangar nan da ke ajiye wuta don lokacin da aka buƙace ta farat ɗaya. Kanta ya kumbura, gindinta ya yi tsatsa. Ba kumburin jiya ba ne. Shi kansa bai san ko bai taɓa gani ba ne, ko kuwa idonsa ne ya saba tsallakewa.

Akwai sabuwa a cikin kwalbar da ke gabansa. Yana iya cewa babu, a dawo mako mai zuwa, wa zai ƙaryata shi? Ya ɗauki kwalbar ya ajiye. Ya sake ɗauka. Ya dubi Auta, wanda ya takure a kan wani mataccen talabijin yana cizon farce, duk ya faɗa.

Ya zazzage kwalbar. Ya cire tsohuwar, ya dasa sabuwar, ya liƙe ta da dalma liƙin da ba ya sake tashi.

"Kaɗa. Da ƙarfinka duka."

Auta ya daka har fankokin da ke rataye suka amsa. Allura ko gezau. Ya sake dakawa yana dariya, irin dariyar da yayansa ya daɗe bai ji ba. Nan da nan ya naɗe wayoyinsa, ya rataya jita, yana ta godiya yana duban hanya.

Mai Rediyo ya biyo shi har bakin titi, ƙarfen dalma a hannu.

"Batirin fa yana son a riƙa duba shi."

"Haba Yaya, batir ai ko a shagon unguwarmu sai in saya. Na daina wahalar da kai ke nan."

Ya tare mota ya shige.