Wata Bakwai Ina Cewa "Da Sauƙi"

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ga rubutuna ba. Ba fushi na yi ba, jinya ce.

Wani ɗan ƙulli ne ya fito min a nonon hagu, kamar ƙwayar gyaɗa. Kunya ta hana ni faɗa. Na rame har zani ba ya zama a ƙuguna, kowa yana gani.

Maƙwabta su leƙo: "Malama Hadiza, ya jiki?" In ce da sauƙi. Su ce Allah ya ƙara, su sa takalmi. Yayata ta zo daga Utai, ta ce, "Ke dai rage azumin nafilar nan." Maigida kuwa, sannu kawai.

Ba gulma nake ba, Allah ya sani. Amma wata bakwai babu wanda ya ce min, "Me ke damunki?"

Ina girki a masaukin baƙi na jami'a. Akwai wata baƙuwa 'yar Japan da ta zo binciken shinkafa. Rannan na kasa ɗaga tukunya, na zube ƙasa. Ta durƙusa ta ce da yarensu, "Doshita no?" Sannan da Hausarta ta 'yan koyo: "Me ya same ki?"

Na ce da sauƙi.

Ita ba ta san cewa a nan ake tashi a tafi ba. Ta zauna tana jira. "Ina ne? Nuna min."

Na nuna mata, na fashe da kuka.

Asibiti a Kano, layi tun asuba. Aka yi hoto, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji. Ciwon daji. Likita ta ce, "Hajiya, da kin zo da wuri, da ƙullin kaɗai za mu cire."

Aka cire nonon duka. Magani ya zubar min da gashi, kuɗinsa ya cinye awakina.

Yayata ta ce, "Ai da kin faɗa!" Na ce, "Yaya, da kin tambaya."

Yanzu gwaji ya nuna na samu lafiya. Alhamdulillah. Allah ya saka wa likitoci, ya saka wa baƙuwar nan da ta koma ƙasarsu.

'Yan'uwa mata, in kin ji ƙulli, je asibiti a ranar. In kuma kin je dubiya aka ce miki da sauƙi, kada ki yi saurin sa takalmi. Zauna ki sake tambaya.