Ajin ɗiyata a Isa

Korata ya yi daga ajin ɗiyata, a gaban yara, kamar akuyar da ta shiga rumbu. Kuma ba baƙo ba ne. Tare muka zauna benci guda a firamare, har rogona ya sha ci. Shi ya wuce gaba, ni mahaifina ya cire ni a aji huɗu ya miƙa mani hauya. Yau shi ne shugaban ɗakin koyon kwamfuta da aka buɗe a Isa, ni kuwa ko gonar babu, tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga wajen Gatawa muka raɓe a Sabon Birni.

Ɗiyar nan ita ce ta fari. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake ce mata, in da mutane kuma in kau da kai. Da ta yi ƙyanda tana ƙarama, bayan ɗaki na tsaya ina jin kukanta, ban shiga ba. Ta girma, ta yi karatu a Sakkwato, aka ɗauke ta ta koya wa sababbin shiga wani yaren kwamfuta. Ni dai so nake in ga abin da take yi da idona. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Isa, na shiga ajin na zauna can baya, kusa da ƙofa.

Ta gan ni. Ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, ta ci gaba.

Ta ce wa yaran, yawancin yarukan kwamfuta kamar mutum ne shi kaɗai a gona, ya sari nan, ya matsa, ya sari can. Wanga kuwa gayya ne. Maza sun jeru, makaɗi ya buga ganga sau ɗaya, hauyoyi su sauka tare. Ta rubuta 3 5 2 a jere, ta ce a ƙara ɗaya, ta danna. Sai ga 4 6 3. Ba ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba, umarni guda ya same su duka. Ta sa alamar tarawa da wata 'yar sanda karkatacciya a gaban jerin farko, sai ya dunƙule ya koma 10, kamar an tara dammuna wuri guda. Ta ce jeri biyu ma ana haɗa su, na farko da na farko, na biyu da na biyu.

Gayyar da take faɗi tawa ce. Ita ke kawo mana fura a ƙwarya tana 'yar mitsitsiya, ta tsaya gindin gawo tana kallo. Ban san ta riƙe ba.

Sai tambaya ta taso mani. Na sha ganin gayyar da maza suka fi layukan gero yawa, wasu su tsaya cirko-cirko. Na ɗaga hannu kamar yaro, sai na ga ban da abin da za ni kira ta da shi. Ba a cewa "ke" a aji. Na ce, "Malama."

Yara suka fashe da dariya, don wasu sun san ni. Ita ba ta yi ba.

"Na'am, Baba."

"In jeri ɗaya ya fi ɗaya tsawo fa?"

"Zo ka gwada da kanka."

Na je. Yatsuna sun yi wa maɓallan kauri, ta riƙe ɗan manunina ta kai shi inda ya dace. Rabon da hannunta ya taɓa nawa, ban iya tunawa. Muka haɗa jeri mai uku da mai biyu, na'urar ta ƙi, ta fito da wani gajeren Turanci. Ta ce cewa take tsawonsu bai zo daidai ba. Na ce ashe tana da hankali, ta fi wasu masu kiran gayya. Nan Malama ta yi dariya, ta rufe baki da mayafi.

Muna haka shugaban ya shigo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mi ya kawo ka nan? Wanga wuri na matasa ne. Kai da ko aji huɗu ba ka gama ba. Kuma ɗiyar fari ce, ina ta idon mutane? Tashi ka fita."

Na dubi fuskarta, na ga in na yi magana aikinta za ni taɓa. Na fita. Na hau mota na koma Sabon Birni.

Da kasuwa ta zagayo na koma. Na tarar da shi bakin ƙofa yana shan shayi, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce:

"Alhaji, aji huɗun da ka faɗa gaskiya ne, kai ma shaida ne ba ni na cire kaina ba. Amma yarinyar nan, tun tana goye ban da sunan da za ni kira ta da shi. A ɗakin nan na samu, kuma ta amsa. Ɗakin naka ne, hana ni benci in ka ga dama. Za ni tsaya bakin taga. In na ɗaga hannu daga can, Malama za ta gan ni."