Hannun da Na'ura Ta Haddace

Sunana Mounkaïla, haifaffen Zongon Kwatano, shekara talatin da ɗaya ina sayar da atamfa a kasuwar Tokpa-Hoho. Abu biyu na gada wurin mahaifina: zoben azurfa, da hannun da ke gane atamfar jabu ko da ido a rufe. Cika baki kuwa ni na nemi abina.

Bara 'yar ƙanwata Chérifa, mai karatun kwamfuta a jami'ar Abomey-Calavi, ta same ni a shago. Aikinta na kammala karatu shi ne ta koya wa na'ura gane jabu daga hoto. Wai dubban 'yan ƙwayoyi take haɗawa kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kowacce daƙiƙiya, ba abin da ta iya sai karɓa da miƙawa. Ba a kafa musu doka, misali ake ta nuna musu har su gane.

"Kawu, hoto dubu biyu nake so, a ware na ainihi da na jabu."

Wata biyu ina ɗaukar hoto. Ta ainihi in shimfiɗa ta, in dafa, zobe na ƙyalli. Jabu kuwa a ga hannuna a kanta? Allah ya sawwaƙe. A benci nake wurga ta.

Na'ura ta koya tsaf. Na cika Zongo da labarin na yi ɗaliba ta ƙarfe.

Ranar da Chérifa za ta kare aikin gaban malamai, na sha babbar riga na zauna layin gaba. Wata malama ta fito da turmin atamfa daga jaka, mai kyau, daga nesa na shaida. Na'ura ta ce jabu. Aka sake, jabu. Na tashi a fusace na dafa turmin, sai ta ce ainihi.

Malamar ta dubi hannuna. Ta janye atamfar, ta shimfiɗa tsumman goge allo.

"Alhaji, dafa nan."

Na dafa. Ainihi.

Aka ɗage Chérifa sai baɗi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannun. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi, amma cewa kawai ta yi, "Kawu, ba ƙarya ta yi ba. Abin da aka nuna mata ta koya."

Yanzu mun koma ɗauka daga farko. Ita ke riƙe da waya, ni ina tsaye hannuwa a baya ina faɗin ainihi ko jabu. Zoben yana jakarta, ni na ba ta. Sai ranar da ta ci jarrabawar zan karɓa.