Cikin da na ce ya jira

Cikina na fari a Inugu na yi shi, shekarar da gari ya rikice kafin yaƙin basasa. A al'adarmu ciki na kai wata bakwai ake maida mace gidan iyayenta goyon ciki. Nawa ya kai, amma maigidana ya gangara Fatakwal da shanu, hanya kuma ta ƙi daɗi, ya maƙale a can.

Matan gidan hayarmu suka yi ta tafiya Arewa, yau biyu, gobe uku. Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwar ita ma ta ɗaure kayanta. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, kada ki damu. Ciki yakan kwanta in uwarsa ba ta shirya ba.” Na riƙe maganar nan kamar laya.

Aka bar ni ni kaɗai da murhu shida, biyar babu wuta. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Ba wanda zan ce wa sannu da aiki da Hausa, sai abin da ke cikina. Kullum in na gama wanke-wanke sai in dafa shi in ce, “Kwanta abinka, sai mun je gida wurin Inna.” Wata na tara ya fita, na goma ya tsaya, shiru. Motsinsa ya ragu. Ni kuwa, da wautata, har daɗi nake ji, wai na samu ɗa mai jin magana tun bai fito ba.

Mai gidan da muke haya 'yar Ibo ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana da hantsi ta same ni bakin famfo.

“Amarya, wannan ciki ya wuce lokaci. Wata nawa?”

“Ban sani ba, Mama.”

Na sani sarai. Amma cikin fari ne, wa ke buɗe baki ya ƙirga shi a gaban babba? Ta ce in yafa mayafi ta raka ni asibiti, ba mai taɓa ni tana tsaye. Na ce maigidana bai ba ni izini ba. Sau uku tana dawowa, sau uku ina sunkuyar da kai. Matar nan ba ta haɗa komai da ni ba, amma ita ce ta fi ni jin tsoron abin da zai same ni.

Da maigidana ya samu dawowa muka cusa kanmu cikin jirgin ƙasa. Kwana biyu da isarmu ƙauyenmu naƙuda ta zo, ta yini biyu tana juya ni. Namiji ne. Faratansa zaƙo-zaƙo, fatarsa ta bushe tana saɓulewa kamar ɓawon albasa. Bai yi kuka ba. Ungozoma ta ce, “Wannan ai ya daɗe da isa fitowa.”

Inna ta tambaye ni wata nawa. Ita na gaya wa gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tashi ta ɗora ruwan wankan jego.

Na haifi bakwai bayansa. Mata suna yi mini tsiya wai ba ni da kunya, don babbar 'yata da sunanta nake kiranta gatsau. Ina ƙyale su su yi dariyarsu. Kunyar ɗan fari na riga na yi ta tun a Inugu, shi kuwa ɗan farin nawa bai kai ranar suna ba.